Tozon Umma

"Umma, ni ma in na girma zan yi tozo irin naki?"

A gaban ƙanwar babanta yarinyar ta jefo tambayar. Gwaggon ta kwashe da dariya har da riƙe ciki. "Bakinki ba linzami! Uwar taki saniya ce?"

Uwar ba ta dara ba. Ta kai hannu bayan wuyanta, ta ji wani ɗan tudu daidai inda yake mata zugi duk yamma. Ɗinki ne sana'arta, a waya take karɓar aiki. Kai a sunkuye kan keke, kai a sunkuye kan hotunan riguna, ko jariri take shayarwa wayar na hannu. Sai ta dubi 'yar, wadda ta saba miƙa wa tsohuwar wayarta don ta bar ta ta yi aiki. Ga ta kan wayar, haɓa a ƙirji, kafaɗu sun zubo gaba. Ita ce sak, ƙarama.



Washegari ta ja ta sai wurin likitar ƙashi. "Likita, bar nawa. Na yarinyar nan nake ji."

Likitar ta kama tafin uwar ta ɗora a bayan wuyan yarinyar. "'Yammata, kalli bango. To, yanzu kalli ƙafarki."

Nan take wasu jijiyoyi suka taso ƙarƙashin tafinta, suka ɗaure tamau kamar igiyar shanya da aka jibga wa jiƙaƙƙen bargo. Likitar ta ɗauko ƙashin wuya na roba, 'yan gaɓoɓi jere kamar maɓallan riga.

"In kai na tsaye, waɗannan ke ɗauke da shi salin-alin. Da ya sunkuya, nauyin ya ninka, naman wuya ya yi ta ja."

"Ikon Allah!" Uwar ta shafa su a hankali. Ashe 'yan mitsi-mitsin nan ne ke dakon kanta tun haihuwa, ba ƙorafi, ita kuwa tana ƙara musu kaya.

"Nata ɗanyen icce ne, zai miƙe," in ji likitar. "Amma fa ke take kwaikwayo."

Tsohuwar waya ta koma ƙasan akwati. Tata kuma sai ta ɗaga ta daidai ido kafin ta duba. Yarinyar ta zama 'yar sanda, da ta ga kai ya fara sauka sai ta ƙwala, "Umma, tozo!" Su duka biyun su miƙe zumbur.

Kai mai karatu, taɓa bayan wuyanka yanzu. Ɗago kanka, akwai ƙaramin ido da ke ɗaukar fasalinka.