Ranar da Hankaka Ya Ƙi Sauka

Kwana goma da rasuwar ƙanena Madhukar muka sauka bakin kogin Godavari da sassafe, domin ajiye masa dunƙulen shinkafa. Kowa a garinmu Nashik ya san ƙa'idar. In hankaka ya sauko ya taɓa shinkafar, mamaci ya tafi da farin ciki. In ya ƙi, akwai abin da ya rage masa a rai, sai dangi su riƙa matsowa ɗaya bayan ɗaya suna yin alkawari har a dace.

'Yarsa Sulabha ta zo daga Delhi. Ita ce wadda kuke gani a talabijin tana titsiye ministoci. Ni yayar ubanta ce, ni na yi mata wankan jarirai, saboda haka sunanta ba ya girgiza ni. Ta fara aikin nan tana yarinya, tana shiga ruwan ambaliya har ƙugu da abin magana a hannu. Daga nan fagen yaƙi, daga nan aka ba ta shirinta ita kaɗai. Aure ya zo ya wuce tana kan hanya. Yanzu furfura ta fito mata, tana zaune a saman bene, ba wanda ke buɗe mata ƙofa in ta dawo. Ranar da ubanta ya cika tana wani ƙauye wajen labarin zaɓe, kafin ta iso an ƙone gawar. Zumunci a ƙafa yake, ita kuwa ƙafarta ta gidan talabijin ce.

Ƙanenta Shirish, kansa a aske, ya ajiye shinkafar kan dutse, muka ja da baya. Bishiya cike da hankaki, ba wanda ya motsa.

Guruji, mai yi mana addu'a, ya ce, "Ku fara."

Shirish ya matsa ya ce ba zai sayar da gidan ba. Shiru. Matarsa ta ce za ta riƙe surukarta kamar uwarta. Wani hankaka ya sauko, ya karkata kai, ya koma. Ni ma na je na ce zan daina faɗa da maƙwabta. Ko kallona ba su yi ba.

Rana ta fara zafi. Wayar Sulabha sai gurnani take a cikin jaka.

Shirish ya ce, "Tai," haka yake kiran yayarsa, "ke da kike sa manyan ƙasa gumi, ga tsuntsu nan ya gagare mu. Ko sai an kawo masa kyamara?"

"Ba wurin wasa ba ne, Shirish."

"Wa ke wasa? Kowa ya san abin da Baba yake jira. Ki ce kin bar aikin, za ki dawo ki zauna da Aai, uwarmu. Kalma ɗaya ce."

Uwarsu tana zaune kan matakala sanye da farin zanen sari, ba ta ɗago ba.

Na ja Sulabha gefe na ce, "Ke, je ki faɗa. Jama'a na kallonmu."

Ta ce, "Atya," wato gwaggo, "in na faɗa sai na cika?"

"Alkawarin bakin kogi ba a karya shi."

"To kin ga."

"Wanda ya yi nisa ba ya jin kira," na ce mata. "Duniya ta san fuskarki, uwarki kuwa sai ta kunna akwatin talabijin take ganinta."

Ta cire takalmi, ta miƙa mini jakar, ta taka har gaban dutsen ta haɗa hannuwa. Muryar nan da ke cika ɗakunan mutane, ranar sai da na kasa kunne.

"Baba, ban taɓa yi maka ƙarya kana raye ba. Ba zan bar aikin ba. Kai ka koya mini karanta jarida a kan cinyarka. In Aai ta yarda, in tafi da ita, ɗakina nata ne. Iyakar abin da zan iya ke nan."

Ta tsaya tana kallon bishiyar. Mu ma muka tsaya. Wasu masu makoki da ke gefenmu, hankaki sun cinye tasu shinkafar tun tuni, har sun naɗe tabarmi. Namu ko gezau.

Da rana ta take, Guruji ya nisa, ya tsinko ciyawa ya ƙulla ta da siffar hankaka, ya dangwala a kan shinkafar. Haka ake yi in an rasa yadda za a yi, kuma kowa ya san ma'anarsa: mamaci bai gamsu ba.

A gida Sulabha ta durƙusa gaban uwarta ta ce, "Aai, ki zo mu tafi."

Uwar ta ce, "In je in yi gadin bango? Ke da kanki ba kya zama a gidan."

Washegari Sulabha ta tafi, ba ta jira cikar kwana goma sha uku na zaman makoki ba, domin ranar ake ƙidayar ƙuri'a. Shirish bai fito ba. Ni na raka ta bakin titi, na cusa mata gurasa da yajin gyaɗa a jaka, domin hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ta taɓa ƙafata don girmamawa ta shiga mota.

Har yau ina cewa da ta yi alkawarin. Amma na ga masu rantsuwa a bakin kogin nan da yawa, hankaka ya ci, su kuma su manta kafin su hau matakala.

Da yamma na zauna a kujerar Madhukar na kunna talabijin. Ga ta nan, sari a goge, ido a bushe, tana tare wani mai babban ciki da tambaya.

Daga ɗaki uwarta ta ce, "Kashe."

Ban kashe ba. Na rage muryar har ta ɗauke, na zauna ina kallon bakinta yana motsi.