Taku Bakwai Daga Bango

Tun da Nababa ya sauka daga babur da kwali ɗaure a baya, hankalin Barira bai kwanta ba. Ƙanin mijinta ne, mai gyaran rediyo da talabijin a birni, kuma rabonsa da ƙauyen tun sadakar arba'in ɗin mijin nata Mati, wata bakwai ke nan. Mutumin da ko a waya sai an yi sa'a ake samunsa, yau shi ne har da tsarabar burodi? A shekarar da tsadar taki ta sa maza suka bar gona ba shuka, ba a kawo wa matar mamaci burodi haka kawai.

Bayan sun gaisa ya sha ruwa, sai ya ce ta ara masa zaure. Ta bi bayansa a hankali ta leƙa. Me za ta gani? Nababa ya jingina baya da bango, yana takawa yana ƙirgawa, har taku bakwai, ya ja layi da ƙafa. Sannan ya zaro igiya ya auna faɗin bangon.

A yankin Zakirai, inda gona ke jingine da gona, kowa ya san abin da ƙirga taku yake nufi. Haka aka yi wa Hure maƙwabciyarta. Dangin miji suka zo da fara'a, suka taka, suka auna, kafin kaka an sayar da rabin gidan ga wani mai kiwon kaji.

Barira ta faɗa ɗaki, ta ɗaga kwalla ta ƙasa, ta ɗauko takardar da Mati ya rubuta a gaban dagaci da shaidu, cewa ya ba ta gidan da gonar bayansa, ita da 'ya'yanta mata. Ta ƙulle ta a gefen zani ta fito.

"Yaya Barira, ko kina da farin yadi babba?" in ji Nababa.

"Farin yadi? Wa kuma ya mutu?"

Ya yi dariya. "Ke dai kawo."

Dariyar ma haushi ta ba ta. Ta kawo farin zanen gado, ya kafe shi a bango da ƙusa huɗu, ya toshe taga da buhu, ya rataya tabarma a ƙofa, zauren ya yi duhu da la'asar sakaliya. Ya kife turmi a kan layin da ya ja, ya fito da majigi daga kwalin ya ɗora, ya haɗa shi da batir. Haske ya fito a karkace, rabi a zane, rabi a bango. Ya ja turmin baya, ya turo shi gaba, yana murza bakin gilashin yana ƙyafta ido.

"Nababa, in awo ka zo yi, ka faɗa mini ido da ido," in ji ta. "Ina da takarda."

"Na san kina da ita. Zauna mana."

Wato ma ya sani! Ta zauna a bakin tabarma, hannunta a kan ƙullin.

Sai ga kiɗa, ga mutane a jikin zanen. Bikin 'yar Nababa ne na shekara biyu da suka wuce. Wata murya ta yi dariya, Barira ta gane ta nan take. Ga shuɗiyar rigar nan da ta wanke da hannunta ba sau ɗaya ba.

"Ranar arba'in na nuna miki a waya, kika ce idonki ba ya ganin ƙananan abubuwa," in ji Nababa. "Abin ya tsaya mini a rai."

Amma rigar kaɗai ce a zanen. Kan Mati ya haura sama, ya tarwatse a tsakanin azara. Daɓen zauren ba daidai yake ba, turmin ya ɗaga gaba. Nababa ya cusa tsakuwa a bayan majigin, hoton ya gangaro ya wuce ƙasa. Ya sa kara, karan ya murgine. Ya shafa aljihu, wayam.

"Abu siriri nake so, kamar takarda a ninke. Batirin nan kuma ba zai kai mu nesa ba."

Barira ta zuba masa ido a cikin duhun. To, dama nan aka nufa? Duk wannan turmi da zane da burodi? Ba ta iya karanta komai a fuskarsa ba. A bango kuwa Mati yana ta magana, yana tsokanar wani a kan tuwo, babu kai.

Ta kwance ƙullin. Nababa ya miƙo hannu, ta ture shi. Ita da kanta ta durƙusa, ta ninke takardar huɗu, ta tura ƙarƙashin majigin.

Fuskar ta sauko ta zauna tsakiyar zanen daram, da wushiryarsa, da hularsa a karkace yadda kullum take yi masa faɗa a kai. Hawaye suka zubo mata, ba ta ko share ba. Kewarsa ta kama ta.

Majigin yana huro iska mai zafi a kan yatsunta biyu da ke riƙe da gefen takardar. Ba ta saki ba har batirin ya mutu.