Ajiya a Wuri Daban

Shekara arba'in da ɗaya Kalli-nan ya yi yana ɗaukar hoto a shago guda, tsakanin mai walda da mai sayar da katifa. Daga bakinsa ya samo sunan, don ko gaisawa kuke yi sai ya ɗaga yatsa ya ce maka kalli nan. Da wuya a samu amarya ko jariri a unguwar da bai hau kujerarsa mai jan yadi ba. Kuma shi ba ya yar da fim ɗin da ake wanko hoto daga cikinsa. Kwalaye ne a ɗakin baya har rufi, kowanne da shekararsa a rubuce. Mata kan dawo bayan shekara ashirin a wanko musu hoton lokacin da suke da ƙugu. Wasu kuma su lallaɓo su roƙi a ƙona wanda suka ɗauka da tsohon saurayi. Waɗannan sai ya ce musu zai duba, kuma bai taɓa ƙona ko ɗaya ba.

A cikin kwalayen nan hotunan matarsa suke. Marigayiyar ba ta son hoto, sau uku kacal ta yarda ta zauna masa, waɗanda ya wanke kuma yoyon rufin gida ya cinye su. Shekara bakwai da rasuwarta yana cewa zai wanko wasu. Kowa ya ɗauka lalaci ne, alhali zuciyarsa ce ba ta iya kallo. Ya ishe shi ya san tana nan a ɗakin baya.

Da Auta, 'yarsa, ta karɓi ragamar shagon, sai ta ce a bi zamani. Ta kawo wata siririyar mace mai tabarau da kowa ke kira Injiniya. Wata huɗu suka yi suna zuba fim a na'ura yana komawa cikin kwamfuta. Aka buɗe wa shagon shafi a intanet, mutum ya turo hoto daga gida a wanke masa. Kalli-nan kuwa abin da ya dame shi allo mai wuta a bakin shago da kyamarar ƙofa, don mai katifa ya riga shi sa su.

Ranar da aka gama, Injiniya ta ajiye masa wani ɗan baƙin akwati a kan tebur, bai fi sabulun wanka ba.

"Baba, allo da kyamara su jira, wannan ne gaba da komai. Duk Asabar a jona shi da kwamfuta ya kwafe hotunan, sannan a ajiye shi a wani wuri daban. Kuma saƙon da ba a san mai shi ba, kada a buɗe."

"Sabulun nan ne zai ɗauke min shekara arba'in?"

"Zai ɗauka. Amma wuri daban, Baba."

"Yarinya, tun kina goye nake ajiya. Allura ba ta taɓa ɓata a hannuna ba."

Asabar biyu ya yi yana durƙusawa ƙarƙashin tebur yana laluben ramin jonawa, gwiwarsa tana ƙara kamar tsohuwar ƙofa. A ta uku ya manta gaba ɗaya, sai Litinin ya tuna. Abin ya tsorata shi. Ya yi tunanin kai sabulun gida, ya ga zai iya faɗuwa a hanya. Sai dabara ta zo masa. Ya kira mai walda, aka ƙera kabad na ƙarfe a ɗakin baya, aka huda masa ɗan rami a gefe. Ya sayo doguwar igiyar jonawa, ya bi da ita gindin bango, ta bayan labulen nan mai hoton teku da ake tsayawa a gabansa, har cikin ramin. Ya sa sabulun a ciki, ya danna kwaɗo biyu. Yanzu kullum a jone yake, ba durƙuso, ba mantuwa.

"Wuri daban ne ko ba daban ba?" ya tambayi mai walda.

"Ɗaki ma daban. Wanda zai fasa wannan sai ya zo da injina, ni kuma ba na ba da aro."

Da Auta ta tambaya, ya karkaɗa mata makullai ya ce an ajiye, kwaɗo biyu. Laulayin ciki ya sa ta gaba a lokacin, ba ta leƙa bayan labule ba.

Bayan wata guda aka kawo babban injin buga hoto, ba wurin sa shi sai ɗakin baya. Kwalayen fim kuwa damshi ya fara cin na ƙasa. Kalli-nan da kansa ya tsayar da motar shara.

"Baba, ko mu bar kwalin da Mama take ciki?" in ji Auta.

"Ki bar ta a damshi? Tana can a kulle, ko sauro ba ya shiga."

Ya tsaya a bakin shago yana ba masu lodi umarni, yana satar kallon mai katifa ko ya ga ci gaba.

Wata Talata da safe Auta ta tafi awon ciki. Saƙo ya shigo: hotunan bikinmu ne, a wanke da gaggawa. Babu suna, amma shi a ganinsa mai biki ba baƙo ba ne, duk wanda ya ce biki ai abokin ciniki ne. Ya danna, bai ga hoto ba. Ya sake dannawa, ya yi tsaki, ya ce 'yan yanzu ko turo hoto ba su iya ba. Ya koma goge kyamararsa. Kafin azahar wata mata ta zo neman hoton yayenta na makaranta, ya duba, ya tarar kowane hoto ya zama farar takarda mai baƙon suna. Jan rubutu ya cika fuskar kwamfutar.

Injiniya ta zo ta karanta. Ta ce wasu ɓarayi ne suka kulle komai daga nesa, suna neman fansa. Ta cire tabarau tana gogewa, hankalinta kwance.

"Ba komai, Baba. Don irin wannan ranar muka yi ajiya. Mu wanke kwamfutar mu mayar da komai. Ina akwatin?"

Ya miƙe har da gyara riga, ya ja ta ɗakin baya yana kaɗa makullai. Ya buɗe kwaɗo na farko, ya buɗe na biyu, ya ja baya don ta yaba. Sabulun yana zaune, ɗan koren haskensa yana ƙiftawa. Injiniya ba ta taɓa shi ba. Igiyar ta bi da ido, daga ramin zuwa gindin bango, ta ɗaga labulen teku, ta bi ta har ƙarƙashin tebur. Ta daɗe a tsugune.

"Tun yaushe yake a jone?"

"Wata biyar. Ko sau ɗaya bai yi fashi ba."

"Baba, na ce wuri daban."

"To ai ɗaki daban ne. Ga ƙarfe, ga kwaɗo."

"Su ba ta ƙofa suke shigowa ba. Duk inda igiyar nan ta kai, a wurinsu wuri ɗaya ne." Ta miƙe ta ce, "Ya kamata a ce na gaya maka a riƙa cire igiyar. Ban faɗa da bakina ba."

Kwana uku ta yi tana gwadawa. Abin da ya ci kwamfutar ya ci sabulun tas. Auta ta ce a nemi ɓarayin ko nawa ne a biya, aka rubuta musu, saƙon ya dawo, adireshin da suka bari ya mutu. Auta ta ɗauki cikinta ta je juji neman kwalayen fim, masu aikin wurin suka nuna mata inda aka ƙone sharar watannin baya, baƙin fili har iyakar gani.

Labari ya zaga unguwa. Matan nan masu hoto da tsofaffin samari suka riƙa zuwa jaje da fuskar tausayi, suna fita da sauri don kada a ga haƙoransu. Amma akwai wata dattijuwa da ta zo neman hoton ɗanta da ya rasu, ta saurari bayanin igiya har ƙarshe, ta ce Allah ya kyauta, ta fita ba ta waiwaya ba. Mai walda ya daina leƙowa gaisuwa.

Wata rana da la'asar shagon ba kowa, Auta tana zaune a kujerar jan yadi ta miƙe ƙafafunta da suka kumbura.

"Baba, akwai mai zane da ke zana mutum in an kwatanta masa. In na haihu ina so yaron ya ga kakarsa. Tawadar Allah ɗin nan ta fuskar Mama, a kuncin dama take, ko?"

"Hagu."

"Dama dai. Ta gefen da take juyo min in tana min kitso."

Ya buɗe baki zai yi musu, sai ya tsaya. Fim ana ɗaga shi ga haske ta kowace fuska, abin da ke dama ya koma hagu. Ya rufe ido ya kira fuskarta, ta zo da tawadar a hagu. Ya sake kira, ta zo da ita a dama, hancin ma bai tsaya wuri ɗaya ba.

"Zan tuna," ya ce.

Auta ba ta sake tayar da maganar mai zane ba.

Injiniya ta ce kada a yar da sabulun, wataƙila wata rana a samu makullin buɗe abin da ɓarayin suka kulle, amma ƙasa take kallo da ta faɗa. Yana nan a kabad ɗin ƙarfe. Igiyar Kalli-nan ya cire ta, ya naɗe, ya rataye a ƙusa. Kullum kafin ya tashi shago yakan shiga ɗakin baya ya ja kwaɗo na farko, ya ja na biyu, ya tabbatar a kulle suke.