Ɗalibi Na Goma Sha Uku

Heluman kamfanin katifa, wato mai kula da ma'aikata, ya ce shi tun yana ɗan shekara bakwai ya gama da karatu, abin da ya rage masa a duniya kawai shi ne tausaya wa mutane. Ya ce a shekara ashirin babu takardar da ta shigo kamfanin nan ba ta bi ta ƙarƙashin idonsa ba, kuma akwai wasiƙar da ya taɓa gane abin da ke cikinta tun ba a buɗe ambulan ba. Ranar Litinin ya faɗi haka, a bakin ɗakin ɗinki, yana sakace da tsinken ashana.

Uwar Zare ba ta ko ɗago kai daga kekenta ba. Shekara goma sha ɗaya tana ɗinka rigar katifa a kan benci marar majingina, ƙurar soso tana shiga mata hanci, ta ji wannan labarin ya fi a ƙirga. A bara ma cewa ya yi yana ɗan shekara tara ne ya gama karatun.

Abin da ke ranta daban. An kawo sabon injin ɗinki mai allo a goshinsa, rubutu na fitowa yana gaya wa mutum abin da zai danna. Mai aiki da shi kujera zai samu mai majingina, ga fanka a kansa, ga shi nesa da wurin yankan soso. Manaja ya ce ba zai ba kowa injin ba sai wanda ya ci jarrabawar ajin manya. Kamfanin ne ya haɗa kai da wata ƙungiyar koyar da karatu, Malamar ƙungiyar tana zuwa Litinin da Alhamis, awa guda bayan hutun rana, a cikin sito. Allon rubutu a jingine da tulin katifu, ɗalibai goma sha biyu a kan guntayen soso. Uwar Zare ce ta fara rubuta sunanta, ko kuma dai ta fara faɗa aka rubuta mata.

To, Heluma yana da tsarinsa. Takarda ba ta wuce shi sai ya sa hannu. Zai karɓa, ya ɗora tabarau, ya motsa leɓe, ya ce "uhm" sau biyu, sannan ya nemi fili na farko a ƙarƙashin rubutun ya zuba sa hannunsa, wani abu kamar zare ya cukurkuɗe a cikin keke. Ranar farko da takardar halarta ta zagaya ajin, yana tsaye a bakin ƙofa ya miƙa hannu.

"Kawo nan. Ba a yin abu a kamfanin nan a bayan idona."

Ya yi uhm ɗinsa biyu, ya sa hannu a ƙarƙashin mutum na goma sha biyu. Malama ta duba, ta dube shi, fuskarta ta yi haske. A zatonta dattijo ne mai jin nauyi, yana so ya koya ba ya so a gani. Ta matso ta ce a hankali, "Baba, ka kyauta ƙwarai. Ga littafinka."

"Zan duba ingancinsa," in ji shi, ya sa a hammata.

Haka aka yi ta tafiya. Duk ranar aji yana bakin ƙofa, hannuwa a baya, yana gyaɗa kai in Malama ta faɗi abu, kamar shi ya ba ta aro. In ta ce, "Baba, ko za ka zauna?" sai ya ce shi daga nan ya fi ganin komai. In wata ta yi tuntuɓe a kalma, ya yi tsaki ya ce, "Kai, jahilci dai ciwo ne."

Ita kuwa Uwar Zare ta sa abin a gaba. Tana karanta jikin buhun zare, tana karanta bayan motoci a hanya, har kwalin maganin tarin mijinta ta karanta masa, ya ce don Allah ta ba shi maganin tukuna. A wata na biyu, takardar halarta ta zo hannunta, maimakon ta wuce kai tsaye layinta, sai ta tsaya ta haɗa baƙaƙen da ke sama. Sunayen ɗalibai masu koyon karatu. Ta gangara da yatsa har ƙasa. Na goma sha uku, ga cukurkuɗaɗɗen zaren nan zaune daram.

Ta zunguri Guntuwa, ƙawarta mai cusa soso, ta nuna mata.

"Yaya! Ashe ɗan ajinmu ne?" in ji Guntuwa, ta toshe baki da gyale. "Wallahi sai na tambaye shi aikin gida."

"Ki rufa mini baki. Ni injin nake so, ba rigima ba."

Rigimar ce ta zo da kanta. Ranar jarrabawa, Uwar Zare ta yafa gyale za ta nufi sito, sai ga Heluma ya tare ƙofa. Ya ce wani otal ya yi odar katifa arba'in, dole mutum ɗaya ya zauna a kan keke, kuma ita ya zaɓa. Kowa a ɗakin ya san 'yar ƙanwarsa tana ajin, kuma tuni ta fara gwada kujerar injin in babu kowa.

"Baba Heluma, awa ɗaya ce fa. In na fito zan ɗinka har da na gobe."

"Ke, ba don odar ba ma, ba ki isa jarrabawa ba. Na duba littafinki. Kurakurai kamar ƙasa."

"Wanne shafi, ranka ya daɗe?"

"Duka."

Ta koma ta zauna, ta ɗora ƙafa a kan keken, amma ba ta taka ba. In jarrabawar nan ta wuce ta, sai baɗi, kafin nan kujerar ta saba da wata.

A sito kuwa an jera kujerun roba. Ƙungiyar ta aiko mai jarrabawa, wata siririyar mata da jaka a kafaɗa, irin waɗanda ba sa dariya kafin su gama aiki. Manaja ya zo da kansa don a ɗauki hoto. Matar ta dubi kujerun ta ce biyu babu kowa, ita kuwa ba ta farawa sai ɗalibanta sun cika.

"Ɗaya na san ta," in ji Heluma. "Ni na hana ta, don kada ta ba kamfani kunya. Ko sunanta da ƙyar take ganewa. Ni da na yi shekara ashirin ina..."

"A kira ta," in ji Manaja, yana duba agogo.

Guntuwa ta ruga ta jawo ta. Uwar Zare ta shigo da guntun zare maƙale a gyalenta. Mai jarrabawa ta miƙa mata takardar da ke hannunta ta ce, "Baiwar Allah, kira mana sunayen nan mu ji, mu ma mu san wa ya rage."

Ta karɓa. Ta karanta na sama, ta shiga kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya, kowa na amsawa. A na shida ta ɗan tsaya, ta haɗa, ta wuce. Heluma ya leƙo ta kafaɗarta da tabarau yana cewa, "Uhm. A hankali dai. Ina biye da ke."

Ta kai na goma sha biyu ta tsaya nan.

"Saura ɗaya," in ji mai jarrabawa.

"Malama, wannan ba a koya mana irinsa ba."

"Ya isa. Je ki ki zauna, ga kujerarki." Matar ta karɓi takardar ta ɗaga sama. "Wannan sa hannun na wane ne?"

Heluma ya gyara tsayuwa, ya buga ƙirji. "Nawa ne. Babu mai irinsa a garin nan."

"To bismilla, Baba, ga kujera, ga fensir. Malama ta ce ba ka taɓa fashi ba."

Guntuwa ta sunkuya wai igiyar takalminta take ɗaurawa, alhali silifa ne a ƙafarta. Heluma ya yi 'yar dariyar manya, ya dubi Manaja don su yi tare, Manaja bai taya shi ba.

"Yarinya, ba ki gane tsarin aiki ba. Wannan sa hannun amincewa ne. Sai na karanta takarda tsaf daga sama har ƙasa, kalma bayan kalma, sannan in sa hannu a matsayina na heluma."

Mai jarrabawa ta buɗe jakarta, ta fito da takardun halarta na wata uku, guda ashirin da huɗu, ta baje su a kan katifa. A saman kowacce, a kusurwar dama, akwai akwati an rubuta da manyan baƙaƙe: SA HANNUN HELUMA. Duka ashirin da huɗun fari fat.