Wasiƙar da Ta Zo da Turanci

"Yana gaishe ki, Inna, gaisuwa mai yawa," in ji Amadu. "Ya ce aiki ya yi musu yawa, jiragen siminti sun cika bakin teku, ko ranar Juma'a ba sa samun hutu. Ya ce a gaida mutanen gida duka. Shi ke nan."

Yana tsugune a ƙofar ɗakin mahaifiyarsa, takardar a hannunsa. Daga ciki Inna Kulu ta amsa da muryar nan tata da ta yi nauyi tun da hawan jini ya kayar da ita a farkon damina, ya shanye mata hannun dama.

"Allah ya yi wa Auta albarka. Bai ce yaushe zai zo ba?"

"Bai ce ba, Inna."

Haulatu tana gindin darbejiya tana tankaɗen garin dawa, amma idonta na kan takardar. Falle biyu ne, gaba da baya cike da rubutu. Yaya za a yi falle biyu su ƙare a numfashi uku? Ta kuma lura idon Amadu bai bi layi ko ɗaya ba. Wuri guda ya kafa shi, kamar mai kallon bango.

Shekara uku ke nan mijinta Sada, wanda Inna ke kira Auta, yana aikin lodi a tashar jiragen ruwa a Ikko. Rabonsa da gida wata takwas. Kowane wata wasiƙarsa na isowa gidan wayar Daura da sunan wansa Amadu, tare da takardar kuɗi ta naira arba'in. In Amadu ya gama karanta wa Inna sai ya miƙa wa Haulatu, don tun da ta shiga ajin yaƙi da jahilci take son ta bi rubutun mijinta da yatsa, a hankali, ita kaɗai a ɗaki. Yau wata uku ba a miƙa mata ba.

Amadu ya ninke takardar ya cusa a aljihun rigarsa. Ya zo ya ajiye kuɗi a gefen faifan Haulatu, bai dube ta ba.

"Ga saƙonki. Sha biyar ne wannan karon ma."

"Na gode, Yaya." Ta ɗauki kuɗin. "Ba a ce komai a kaina ba?"

"Na ce ya gaida mutanen gida duka. Ba kya cikinsu ne?"

Ta sunkuyar da kai. Cikinta wata takwas. Ga ungozoma, ga ragon suna, ga itacen wankan jego, kuma tun da aka ƙara wa ma'aikata albashi komai a kasuwa ya ninka. A ce yanzu ne, da kowa ke zancen kuɗi sun yi yawa a Ikko, saƙon mijinta zai koma sha biyar?

Ruwan da aka yi da asuba ya toshe magudanar da ke bayan katanga. Amadu ya tuɓe babbar rigarsa ya rataye a ƙusar zaure, ya ɗauki shebur ya zagaya. Matarsa Shatu ta tafi biki Dutsi tun shekaranjiya. Ba kowa a tsakar gidan sai Haulatu da kaji.

Haulatu ta saurari ƙarar shebur a cikin taɓo. Ta tashi, ta karkaɗe hannunta a zane. Tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa ko kusantar rigar wan mijinta ba. Ta zura hannu cikin aljihun, ta zaro takardar, ta shige ɗakinta ta sake labule.

Ba rubutun Sada ba ne. Wannan siriri ne, a kwance, da shuɗin biro. Ta ɗora yatsa a layin farko. Baƙaƙen duk ta san su, amma sun ƙi haɗuwa su zama magana. Turanci ne. Ta bi layi bayan layi har ta tsinci abin da ta sani: sunan mijinta sau huɗu, sunan Amadu sau ɗaya, sai alamar naira da shida da sifiri.

Sittin. Shi kuwa ya ba ta sha biyar.

Ta yafa mayafi, ta cusa takardar a ƙugu, ta leƙa ɗakin Inna.

"Inna, ƙwayarki ta ƙare. Bari in je wurin Madam in karɓo."

"Ki yi a hankali da santsi, 'yar nan."

Kantin maganin yana layi na uku, kusa da inda motocin Zango ke lodi. Mai shi Obiageli, wadda unguwa ke kira Madam, a Katsina aka haife ta. Yaƙin basasa ya kore su, da ya ƙare ta dawo, Hausarta kuwa ba ta je ko'ina ba. Haulatu ta jira wani direba ya gama sayen maganin ciwon kai, sannan ta matso.

"Madam, ƙwayar Inna. Kuma don Allah ki karanta mini wannan. Da sauri, kafin azahar."

Obiageli ta sa tabarau. Ta fara karantawa a zuci, leɓenta na motsi. Can leɓen ya tsaya. Ta juya fallen, ta dubi cikin Haulatu, ta sake duban takardar.

"Zo ki zauna a benci tukuna."

"Ina nan daidai a tsaye."

"Wani ne ya rubuto, sunansa Okechukwu. Ya ce ɗakinsu ɗaya da maigidanki. Ya ce yana samun sauƙi."

"Sauƙin me?"

Obiageli ta cire tabarau, ta goge, ta mayar.

"Madam, falle biyu ne. An riga an gajarce mini su sau ɗaya yau. Ki karanta yadda yake, kada ki tsallake komai."

Sai Obiageli ta karanta, tana juyawa zuwa Hausa jimla bayan jimla, ba ta ɗaga kai. Wata uku da suka wuce igiyar injin ɗaga kaya ta tsinke, buhunan siminti suka sauko wa Sada a ƙafar hagu. Likitoci sun yi ta fama don su tsirar da ita, ta ƙi. Ranar Talatar makon jiya suka yanke ta daga ƙasan gwiwa. Zazzaɓin ya sauka, yana cin abinci. Kamfanin ya ce zai biya diyya in takardu sun kammala, amma ba wanda ya san yaushe. Ƙarshen wata za a sallame shi, kuma ba zai iya hawa jirgin ƙasa shi kaɗai ba. Sada yana roƙo, kamar kullum, kada a gaya wa Inna, kada a gaya wa Haulatu sai ta sauka lafiya.

Haulatu ba ta san lokacin da ta zauna a bencin ba. Ta ji ɗan cikinta ya juya, ta dafe wurin. Obiageli ta miƙo mata ruwa a kofin roba, ta riƙe ba ta sha ba.

"Sittin ɗin fa?" ta ce. "Na ga sittin."

Obiageli ta nemo layin da yatsa. "Ba daga can ta zo ba, ƙawata. Daga nan ta tafi. Ya ce naira sittin da Amadu ya aika sun iso, da su aka sayi jini da allurai. Ya ce wannan karo na uku ke nan."

Haulatu ta rufe fuska da gefen mayafi. Ba ta yi ƙara ba, kafaɗunta ne kawai ke motsi. Obiageli ta zagayo ta tsaya tsakaninta da ƙofar kanti, don kada masu wucewa su gani.

"Ƙanen maigidana haka ya dawo daga yaƙi," ta ce a hankali. "Yana nan Inugu yana ɗinki. Ni dai bakina a rufe yake, ki sani."

Ta karɓi ƙullin maganin Inna ta fito, tana kan hanya aka kira azahar. Ta ƙara sauri, silifas ɗinta na maƙalewa a taɓo. Tana shiga zaure ta sami Amadu a tsaye, ƙafafunsa caɓe-caɓe har gwiwa, rigar a hannunsa, aljihun a waje.

Suka dubi juna. Ta zaro takardar ta miƙa masa da hannu biyu.

"Wa ya karanta miki?" Muryarsa ƙasa-ƙasa take, amma jijiyar wuyansa ta tashi.

"Madam."

"To, madalla. Yanzu sai garin Daura ya ji, daga nan a shigo yi wa Inna jaje. Kin san abin da likita ya ce a kan jininta? Ke da ciki wata takwas, ki sa hannu a aljihuna!"

Ta durƙusa da ƙyar, ta dafa bango.

"Yaya, na zarge ka. Na ɗauka ci kake yi. Ka yafe mini."

Ya mayar da aljihun ciki, ya rataye rigar, sannan ya zauna a dakali kamar wanda aka zare wa laka.

"Na sani. Tun watan jiya nake gani a idonki. Tashi, kada ki ji ciwo."

Ba ta tashi ba. "Shanun huɗar nan da ka ce ka kai kiwo Mashi?"

"Kasuwar Mai'aduwa suka tafi. Ɗaya, sannan ɗayan." Ya dubi tafin hannunsa da ya yi kanta. "Ni ma ba na jin Turancin. Akawun gidan waya ke karanta mini, in taho gida ina shirya abin da zan ce. Sada ne ya ce kada ku sani. Inna ta ce kada ya san ta faɗi, wai zai bar aikinsa. Kowa ya kawo nasa ya ɗora mini, ni kuwa ba wanda zan ɗora wa."

"Ka je ka taho da shi."

"Da me? Mota zuwa Kano, jirgi zuwa Ikko, mu dawo mu biyu, ɗaya ba ya takawa. Gero bai nuna ba. Ba abin da ya rage sai akuya biyu."

"Akwai jeren kwanonina. Akwai 'yan kunnen zinariyar da mahaifiyata ta bar mini."

"Ba na taɓa kayan ɗakin mace."

"Ba kai za ka taɓa ba. Yau zan aika wa dillaliya."

"Haulatu, shi fa ya ce sai kin haihu."

"Ni zan haihu, Yaya, ba shi ba. Ina so in na sauka ya kasance yana cikin gidan nan."

Kafin ya amsa, muryar Inna ta taso daga ciki. "Haulatu! Kin dawo? Zo da takarda da fensirinki."

Ta miƙe, ta share fuska da kyau, ta shiga. Amadu ya biyo ta ya tsaya a bakin ƙofa. Inna na jingine da bango, mataccen hannun a cinyarta.

"Yau ke za ki rubuta wa Auta amsa. Amadu ya fiye gajarta magana. Zauna. Ki ce masa kowa lafiya ƙalau. Ki ce ni ma garau nake, da hannuna nake tuƙa tuwo. Ki ce kada ya damu da zuwa, ya riƙe aikinsa."

Haulatu ta ɗora fensir a kan takarda. Ta rubuta sallama, ta tsaya. Ta ajiye fensirin, ta kwance ƙullin maganin, ta ɗauko ƙwaya ɗaya ta sa wa Inna a baki, ta kai mata moɗa. Ta jira har ta ga ta haɗiye. Daga bakin ƙofa Amadu na girgiza mata kai. Ta gan shi, ta matsa kusa da tsohuwar, ta kama hannunta mai lafiya ta riƙe cikin nata biyu.

"Inna, wannan karon ba wasiƙa za a aika ba. Yaya ne zai tafi da kansa. Ki gyara zama, zan gaya miki dalili."

Inna ta dube ta, ta dubi Amadu, ta daɗe tana dubansa. Yatsunta suka damƙe hannun Haulatu da ƙarfin da ba wanda ya san tana da sauransa.

"Yana da rai?"

"Yana da rai, Inna."

Tsohuwar ta ja numfashi, ta sauke a hankali.

"To, Amadu, shigo ka zauna. Ke kuma faɗi sauran."