Laftof Don Yatsun Nna

Tun kafin su sauka daga Keke Napep Zakiyya ta gama yanke shawara: mahaifiyarta ba za ta koma unguwarsu ta Sauka Kahuta da tsohuwar kwamfuta ba. Sabuwa za ta saya mata, mai sheƙi, irin wadda matan layinsu za su gani bakinsu ya mutu. Saboda wannan ranar take ta tsimin alawus ɗinta tun da ta fara bautar ƙasa.

Mahaifiyar tata, Nana Khadija, wadda 'ya'yanta ke kira Nna kamar yadda ake yi a Bida, ƙuli-ƙuli take soyawa tun Zakiyya ba ta yi wayo ba. Sai da ta ga yaran sun kama hanya sannan ta shiga ajin yaƙi da jahilci, ta yi ta hawa a hankali har ta gama sakandare tana da jika. Bara ta zauna jarrabawar shiga kwalejin ilimi, wadda a kwamfuta ake yin ta yanzu. Ta san amsoshin, amma ranar ce ta fara zama gaban kwamfuta a rayuwarta, lokaci ya ƙare tana kokawa da tambayoyin farko. Da ta dawo gida wata maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce, "Farfesa an dawo?" Sunan ya bi ta har gidan suna da gidan biki.

Bana rajista ta kusa rufewa, Nna kuwa ta ƙi cewa e, ta ƙi cewa a'a. Iyakar abin da Zakiyya ta samu daga bakinta shi ne, "Mu je mu gani. In hannuna ya karɓa, zan sake zama. In bai karɓa ba, ki bar ni da kaskona."

Shagon sayar da kwamfutocin yana can ciki, bayan masu gyaran waya da ke kusa da shataletalen Mobil. Mai shi Badaru, ɗan Tudun Wada ne, siriri mai yawan magana. Yana ganin hular bautar ƙasa a jakar Zakiyya ya washe baki, ya kira ta da sunan da ake kiran masu bautar ƙasa.

"Kofa, sannu da zuwa. Mama, bismillah, ga kujera. Wa za a saya wa?"

"Nna."

"Don wa'azi da hotunan jikoki?"

"Jarrabawa za ta zauna," in ji Zakiyya, ta kafe shi da ido tana jira ya yi dariya ta wanke shi.

Bai yi ba. "Allah ya ba da sa'a. Ni ma na zauna ta, ita ce ta turo ni sayar da kwamfuta."

Ya jera musu ƙananan kwamfutoci guda uku a kan teburin gilashi. Ta farko baƙa ce mara nauyi, batirinta na wuni, sai dai kusan komai nata sai da data. Zakiyya ta ture ta gefe, don a ɗakin Nna sai an fita tsakar gida waya ke kama sabis. Ta biyu sabuwa ce fil a kwali, ruwan azurfa, siririya kamar faranti, allonta ana shafa shi da yatsa kamar waya, har naɗe ta ake yi ta baya. Ta ukun tokumbo ce, wato ta hannu daga ƙasar waje, mai kauri, gefenta ya ɗan koɗe, da alamar inda aka ɓamɓare takardar wani ofishi a murfinta.

"Wannan don cika tebur na ɗora ta," in ji Badaru. "Ƙarfi kam akwai, amma ba ta da kyan gani. Kamar ni."

Zakiyya ko kallonta ba ta yi ba. Ta jawo ta azurfar gaban mahaifiyarta. "Nna, taɓa nan."

Nna ta fito da hannunta daga cikin mayafi. Ba kasafai take fito da shi a gaban baƙi ba. Shekarun murza tunkuza da tsamo ƙuli daga tafasasshen mai sun mayar da kan yatsunta kamar fatar ƙirgi, ga tabon ƙuna fari-fari har wuyan hannu. Jiya ta sa lalle saboda wannan fitar, amma lallen bai kama sosai ba.

Ta taɓa allon. Bai motsa ba. Ta sake taɓawa, shiru. Zakiyya ta ɗora nata yatsan, nan take hoton ya buɗe.

"Ki ɗan danna da ƙarfi, Nna."

Ta danna har allon ya karkata baya, sannan wani abu ya buɗe wanda ba shi ake nema ba. Badaru ya ce a bar allon, a gwada madannai, ai su ake amfani da su a ɗakin jarrabawa. Ya buɗe mata farin shafi, ya ce ta rubuta sunanta. Madannan sabuwar a shafe suke, laushi gare su, ba sa ƙara. Nna ta nemo harafin farko ta ɗora yatsa. Kafin ta ɗaga, harafin ya cika layi ya gangaro na biyu.

"Kin danne shi, Mama. Taɓawa ɗaya kawai."

Ta sake, a hankali wannan karon. Babu abin da ya fito. Ta ƙara nauyi, layi ya sake cika.

Wasu 'yan mata biyu da suka shigo sayen caja suka tsaya kallo, ɗaya ta toshe baki da gyale. Zakiyya ta juya ta dube su har sai da suka tuna abin da ya kawo su.

Nna ta janye hannunta ta mayar cikin mayafi. Murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Ba na jin sa, Zakiyya. Ban san na danna ba, ban san ban danna ba. Haka ya yi mini a can. Na ɗauka tsoro ne." Ta gyara zama kamar mai shirin tashi. "Kira mana Keke."

Sai lokacin Zakiyya ta gane. Ta sha ganin mahaifiyarta na sauke murfin tukunya daga wuta ba tsumma, tun tana yarinya take alfahari da hakan a gaban ƙawaye. Bai taɓa zuwa mata a rai ba cewa yatsun da ba sa jin zafi ba sa jin sauran abubuwa ma. Ta so ta ce a kawo wata mai tsada, ta so ta yi faɗa da wani, amma babu wanda ya yi laifi.

Badaru ya fara mayar da kaya. Ya jawo tsohuwar zai rufe, da ya ga an bar wani shafi a buɗe sai ya buga 'yan madannai don ya fita. Ƙas, ƙas, ƙas.

Nna, da ta riga ta miƙe, ta tsaya.

"Yaro, sake yi."

"Me, Mama?"

"Abin da ka yi yanzu."

Ya danna ɗaya. Ƙas.

Ta koma ta zauna, ta jawo tsohuwar gabanta da kanta. Madannanta tudu gare su, kowanne sai ya nutse sannan ya dawo. Ta karkata kai, kunnenta wajen na'urar, ta danna. Tana jin ƙarar ta ɗauke yatsa. Harafi ɗaya ya tsaya a shafin, shi kaɗai. Ta nemo na gaba. Ta daɗe, ta yi kuskure, Zakiyya ta nuna mata inda ake gogewa, shi ma da ƙararsa. Daga ƙarshe sunanta ya fito cikakke.

"Nna, tsohuwa ce fa," in ji Zakiyya, amma muryarta ba ƙarfi. "Dubi gefenta. Me za su ce a layi?"

"Sun ce Farfesa, na mutu? Ni ma tsohuwa ce."

Badaru ya faɗi gaskiyar kayansa: batirin ba ya daɗewa in an ɗauke wuta, nauyinta kuma ya fi na sauran biyun. Nna ta ɗaga ta da hannu ɗaya, ta ajiye, ta ce buhun gyaɗa ya fi ta. Ya ce akwai tambayoyin gwaji a ciki irin na jarrabawar, da agogonsu a saman allo, ko za ta gwada kaɗan? Ta ce ya sa.

Aka kira sallar azahar a masallacin bayan shagunan. Badaru ya dubi Nna, ya dubi Zakiyya, ya ɗauki butarsa. "Kofa, ki tsare mini shago. In wani ya zo, ki ce ana jarrabawa."

Zakiyya ta tsaya a bakin ƙofa, ta juya wa mahaifiyarta baya don kada idonta ya dame ta. Ba ta ganin komai sai masu wucewa, amma tana ji. Ƙas. Dogon shiru, Nna na karanta tambaya da leɓɓanta. Ƙas. Wani ya zo tambayar kuɗin batir, ta ce ya dawo an jima, ya ce ita wace ce, ta ce mai gadi. A hankali shirun da ke tsakani ya fara gajarta.

Da Badaru ya dawo, Nna ta naɗe hannu tana jira. Ta amsa tambaya ta ƙarshe, agogon bai kai ƙarshe ba. Ya duba sakamakon, ya sosa ƙeya.

"Mama, Hausa da addini kin yi kyau. Turancin ne ya ɗan ja ki ƙasa."

"Wannan laifina ne, ba na hannu ba. Shi ana karantawa." Ta tura masa kwamfutar. "Sa mini ita a leda."

Zakiyya ta ce bari ta tsayar da Keke zuwa gida.

"Wane gida?" in ji Nna, tana gyara mayafi. "Ina ne ake rajistar?"