Kori-Yunwa a Cikin Ganga

Da aka kwance murfin gangar, Gatari ya cusa hannu har gwiwa, ya damƙo wake ya kawo bakin ƙofa wurin haske. Ya buɗe tafinsa. Ya daɗe yana kallo, har ƙuda ya sauka masa a hanci bai kore shi ba.

Ba a banza aka laƙa masa wannan suna ba, don bakinsa sara yake yi. Amma yau a hankali maganar ta fito.

"Yaya, mene ne wannan?"

Yayansa, shugaban ƙungiyar manoma, yana tsaye yana kaɗa makullai. "Wake mana. Ko idon ne ya fara tafiya?"

"Na ga wake. Ina nawa?"

"Yana ciki."

"Da na wa?"

"Da na kowa."

Bara bayan girbi aka gina wa ƙungiya ɗakin ajiyar iri, ɗaki ɗaya na bulo da rufin kwano, da gangunan roba shida masu murfin da iska ba ta shiga. An ce ƙwaro ba ya kwana uku a ciki da rai. Sau uku Gatari yana ƙin kai nasa. A na huɗu Yaya ya zo har gida ya ce, "Kai kaɗai za ka kunyata ni? Ni ne shugaba, a ce ƙanena bai yarda da abin ba?" Kuma gaskiya ƙwari sun fara yi masa ɓarna a ɗaka. Sai ya ɗauki irinsa duka, kwano goma sha biyu, ya ɗaure bakin buhun da jan tsumma, ya ce kada a kwance.

Waken nan ba irin na kowa ba ne. Kori-yunwa suke ce masa a gidansu. Kwana hamsin yake yi ya nuna, daidai lokacin da rumbu ya koma ɗakin gizo-gizo, masara kuma ko gemu ba ta fitar ba. Ƙwayarsa ƙarama ce, ba ya cika buhu, shi ya sa mutane suka watsar da shi ɗaya bayan ɗaya suka koma wa mai yaɗo, wanda sai ya kwashe wata huɗu. Gatari kaɗai ya rage da shi, don bakuna tara yake ciyarwa da gonar da ba ta kai ta kawo ba. In aka shuka su a haɗe, mai yaɗo zai hau kansa ya shaƙe shi. Ga shi shekaranjiya aka yi ruwan shuka.

Ana haka sai ga malamin gona a kan babur, hular kwano a ka, fayil a hammata. Ya yi sallama da fara'arsa. Gatari bai amsa ba, tafin hannu ya miƙa masa har kusa da hanci.

"Malam, kai ka zuba?"

"Ni ne, Baba. In ganga ba ta cika ba, iskar da ta rage ta ishi ƙwaro ya rayu. Dole a cika ta. Kuma duba takardar." Ya buɗe fayil. "Ganga shida, iri shida. Ga layin masara, ga na gyaɗa, ga na wake."

"Layi nawa ne na waken?"

"Ɗaya."

"Ɗaya! Malam, kana da 'yan'uwa mata?"

"Uku."

"Duk mata ne ai. In mijin babbar ya zo ɗaukar matarsa, ka miƙa masa ƙaramar ka ce layi ɗaya ne a takarda."

Mai gadin ɗakin ya fashe da dariya, ya ga fuskar Gatari, ya haɗiye abarsa.

Malamin gona ya ce, "Wallahi ban sani ba. Ba wanda ya gaya mini."

"Kai ba ka sani ba, na ji. Wa ya riƙe maka gindin buhun?"

Makullai suka daina ƙara.

Gatari ya juya. "Kai ne, Yaya? Ka ga jan tsumman, ka kwance da hannunka? Shi baƙo ne, littafi ya karanta. Kai fa? Shekarar da Baba ya kwanta damina guda bai taka gona ba, me ka ci har ka yi wannan tumbin? Ba shi Inna ta riƙa dafa mana da gishiri tsura ba?"

"Ka iya bakinka, ni ba sa'anka ba ne. A lokacin manya za su zo duba ɗakin washegari, ka so su tarar da ganga rabi?"

"To manyan su zo su ciyar mini da yara!"

"Ka kwashi kwano goma sha biyunka a haka ka shuka. Wake dai wake ne."

Gatari ya watsa waken hannunsa cikin gangar. Ya mayar da murfi ya ɗaure, ya sa kafaɗa ya kwantar da gangar, ya fara mirgina ta waje. Yaya yana ta ihu wai dukiyar ƙungiya ce, sata ce wannan. Gatari ya ce a kira masa duk wanda za a kira. Haka ya bi layi da ita tana gurnani, kaji na watsewa, mata na leƙowa ta katanga, shugaba da malamin gona na biye da shi kamar masu rakiyar gawa, har tsakar gidan Inna, mahaifiyarsu.

Inna tana ƙarƙashin rumfa tana gyara tsintsiya. Ta saurari zancen har ƙarshe, ta ɗebi waken ta kawo kusa da ido. Sannan ta dubi babban ɗanta sama da ƙasa.

"Babban kwabo," in ji ta. "Ajiye makullan nan ka ɗauko tabarmi."

Aka zazzage gangar a kan tabarmi uku. Inna ta nuna musu yadda ake gane shi: ƙarami ne, fatarsa sumul, kuma akwai siririn zobe ja a kewayen idonsa da bai tsinke ba. Mai yaɗo ma wani yana da zoben, amma nasa a tsinke yake, fatarsa da 'yar tamoji. Ƙwaya ɗaya-ɗaya za a bi. Kowa ya ɗauki faranti: Inna, Gatari, matarsa, Yaya. Malamin gona ya cire takalmi ya zauna shi ma ba wanda ya roƙe shi.

Kwana uku suka yi suna tsinta, daga hantsi har ido ya daina rarrabe ja da baƙi. Hadari yana haɗuwa yana watsewa. Maƙwabta sun gama shuka, Gatari yana zaune yana tsintar wake kamar kaza.

Malamin gona shi ne mafi nawa. Kowace ƙwaya sai ya juya ta sau uku, wata ma ya kai wa Inna.

"Inna, wannan fa?"

"Ɗana, in haka ka zaɓi mata, ai sai ka yi furfura a gwauro."

Yaya kuwa hannunsa kamar inji. Wayarsa na kunne yana ba da umarni, yatsu na watsa wake a faranti. Da yamma sai ya karkaɗe riga ya ce, "Ku duba, na fi kowa tarawa."

A rana ta uku aka auna. Kwano bakwai aka samu cikin sha biyun, uku daga ciki na Yaya ne. Matar Gatari ta kawo buhu za ta juye duka, ya riƙe hannunta.

"An haɗe mini sau ɗaya, ya isa. Na kowa a ƙulle shi daban."

Haka ya shuka, kowane ƙulli da kunyoyinsa, ya kafa turke a bakin kowanne. Ragowar waken aka mayar wa ƙungiya. Malamin gona ya dawo da jarkoki ƙanana huɗu a bayan babur, ya ce daga bana kowane irin wake da jarkarsa, zai ƙara layi a takardar da biro ko ofis ya so ko bai so ba. Gatari ya ce, "Bayan an ci an wanke hannu," ya ci gaba da noma.

Kwana talatin da biyar da shuka, ya shiga gona da sassafe ya tarar da fure. Kunyoyin Inna fari tas. Na matarsa da nasa haka, sai ɗai-ɗai da suka yi yaɗo. Na malamin gona, da bai fi rabin kwano ba, ko tsiro ɗaya bai karkace ba. Da ya isa turken Yaya sai ya tsaya. Ganye ne kore shar ya shimfiɗe ƙasa, yaɗo ya miƙa hannu har ya fara hawa kunyar Inna. Fure sai ka ɗaga ganye ka nema.

Ya tsaya ya yi lissafin bakuna. Abin da ya yi fure, in an cinye shi duka, zai kai su da ƙyar har masara ta nuna. In an cinye kuma, baɗi babu kori-yunwa a duniyar da ya sani.

Ya tafi gidan Yaya, ya same shi yana karyawa, ya ce masa taso. Ko kofin bai bari ya ajiye da kyau ba. A bakin turken ya tsayar da shi.

"Ga aikinka. Kai da ka fi kowa tarawa."

Yaya ya duba hagu, ya duba dama. Ya cire hula ya sosa kai. "To ai... ido ne, ka san girma ya kama ni."

"Inna ta girme ka da shekara ashirin. Sau nawa ake ɗora tukunya a gidanka?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Sau nawa?"

"Uku."

"Daga yau biyu. Ta ukun a kawo gidana har masara ta nuna. Kunyoyin Inna da na malam irin baɗi ne, ko ɗana ya tsinki kwanso ɗaya sai na karya masa hannu. In ka ƙi, na tara ƙungiya a nan wurin, kowa ya ga turken shugaba."

"Ni kake gaya wa haka? Ni da na goya ka?"

"Ka goya ni, ka kuma kwance mini buhu. Sunkuya ka fara tuge wancan, yana hawa na Inna."

Yaya ya dubi yaɗon. Ya miƙa wa Gatari hularsa ya riƙe masa, Gatari ya ƙi karɓa. Sai ya rataye ta a kan turke, ya naɗe ƙafar wando, ya sunkuya yana nishi ya kama yaɗon farko.